Maɗacin Baba Zira a Gonar Aro

Tun da na dawo daga Kamaru ba a bar ni na yi aiki ba. Duk wanda ya shigo shagona a Nassarawo, ko ƙofa ya kawo gyara ko benci, sai ya ja kujera ya zauna ya ce, "Malam Garba, yaya ƙasar Faransa?" Ni kuwa in ba su labarin dogon burodi da na jandarma, a yi dariya a watse. Wannan rabin labarin ne, kuma rabin da ba shi da nauyi. Ɗaya rabin ya dame ni a ciki, shi ya sa na zauna in rubuta tun daga farko, kowa ya karanta ya hutar da ni.

Ni kafinta ne, ɗan kafinta. Kakana daga ƙasar Katsina ya zo Mubi da zarto da guduma, a nan aka haifi mahaifina, a nan aka haife ni. Duk abin da na sani game da itace, bayan an sare shi na san shi. Maɗaci nawa ya bi ta hannuna ya zama gado da ƙyaure, Allah kaɗai ya sani. Yanzu kuwa katakon maɗaci na ƙwarai ya zama abin nema, wanda ake kawo mana ɗanye ne, siriri, an sare shi tun bai isa ba. Da girma ya fara kama ni sai abin ya soma yi mini ciwo. Na sami 'yar gona a Wuro Patuji, na sayo dashen maɗaci a cikin leda, na dasa. Damina ta yi kyau, suka yi kore shar, bazara na zuwa suka bushe. Shekara uku a jere haka. A ta ukun na tono guda don haushi, sai na tarar saiwar ta nannaɗe kamar igiyar guga, ba ta taɓa nufar ƙasa ba.

Abokina Tica Vandi ne ya ga saiwar a kan teburin aikina. Tsohon malamin firamare ne, mutumin duwatsun Michika, ya yi ritaya, yanzu ba shi da aiki sai zama a shagona yana shan shayina yana gyara mini ra'ayi. Ya juya saiwar ya ce, "Yayana ba ya amfani da leda. Iri yana sa a ƙasa kai tsaye, kamar dawa. In ka ga gona nasa za ka riƙe baki."

Yayan nasa shi ne Baba Zira. Shekarar da kowa a Mubi da Michika ya ɗauki abin da hannunsa zai iya ya gudu, shi da matarsa suka haura dutse suka faɗa Kamaru. Matar ta rasu a can tun shekarar farko. Da hankali ya kwanta mutane suka dawo gida, shi bai dawo ba. Wani dattijon Bafulatani, Alhaji Buba, ya ba shi aron gona, yake noma dawa da gyaɗa. 'Ya'yansa sun yi roƙo har sun gaji, kullum amsarsa sai bayan girbi. An yi girbi goma ke nan. Vandi zai kai masa maganin ƙafa a farkon damina, na ce da ni za a je.

A tasha, kafin mota ta cika, Vandi ya ja ni gefe. "Malam Garba, abu ɗaya. Gona nan na aro ne. A can baƙo ba ya shuka itace a gonar aro, don wanda ya shuka itace, gobe jikoki nasa za su ce ƙasa nasu ne. Wanda ya fito da kansa ba matsala, na mai gona ne. Saboda haka itacen Yaya duka, Allah ne ya fitar. In aka ce shi ya shuka, za su karɓe gona ko su sare itacen. Ka ji ko?"

Na ce na ji. Mu ma nan mun san wannan al'ada, sai dai ta yi laushi, a kan yi magana a daidaita.

"A can bai yi laushi ba," in ji shi. "Kuma na san bakinka."

Raina ya ɓaci. Na ce masa ni ba yaro ba ne, ina da jika. Ya ce shi ma ya sani, ai shi ya sa yake tuna mini.

Motar da ta ɗauke mu zuwa Sahuda ta girmi direbanta. An cika bayanta da katan-katan na taliya da bokitan roba, mu huɗu a gaba, gwiwata tana taya direba sa giya. Wata mata a baya ta riƙe kaji uku a cinya, ɗaya ta kuɓuce ta hau kafaɗar Vandi ta bar masa shaida a kan rigar da ya goge don zuwa gaban yayansa. Ya ciro hankici ya share, ya ce ai baƙo ba ya zuwa hannu wofi.

A kan iyaka, ɓangarenmu ba mu daɗe ba. A nasu ɓangaren aka karɓi katinmu aka nuna mana benci aka ce mu jira babba. Bencin nan ƙafarsa ɗaya ta saki, in ka zauna a wannan gefe na wancan gefen ya tashi. Na jure minti goma, na kasa. Ban taɓa tafiya ba guduma da 'yan ƙusoshi a jaka ba, sai na kifa bencin na hau aiki. Wani jandarma, ɗan sandansu, ya fito da gudu jin bugu, ya tsaya yana kallona, sai ya koma ciki. Vandi ya ce, "Shi ke nan, ka jawo mana." Can sai ga mutumin ya fito ɗauke da kujerar ofis mai karyayyen baya. Na gyara ta, na gyara sakatar taga. Aka miƙo mana katinmu har da sara mini, ni da ban taɓa sa kaki ba.

Daga nan sai mashin zuwa Bukula. A nan na fara ganin burodinsu, dogo kamar sandar makiyayi, ɓawonsa da tauri, ana tsaga shi a zuba wake da mai. Na ci don yunwa, dasashina ya yi kwana biyu yana tuna mini. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne gaisuwa. Mace za ta miƙo maka hannu ido cikin ido, ko matar wa ce. Mai sayar da waken ta miƙo mini, na ɓoye nawa a aljihu ina ta sannu sannu, ta juya ta ce wa Vandi da Fulatanci, ko abokin naka kuturu ne? Ba ta san duk ɗan Mubi yana jin Fulatanci ba. Na amsa mata cewa yatsuna goma cif, da su nake cin abinci, ta yi dariya ta ƙara mini wake.

Da la'asar hadari ya haɗo, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Masu mashin suka ce mayon, wato rafin, da ke tsakaninmu da ƙauyen Baba Zira ya kawo, ba mai ƙetarewa sai gobe. Wata tsohuwa da kowa ke kira Dada ta ba mu ɗakin da take ajiye gyaɗa, ta shimfiɗa mana tabarma tsakanin buhuna. Ta kawo tuwon jar dawa da miyar yakuwa da gyaɗa, mai tsami, irin wadda kakata ke yi. Ba ta tambaye mu ko su wane ne mu ba sai da muka wanke hannu. Da ta ji wurin wanda za mu, sai ta ce, "Tsohon nan mai inuwa? Mata masu zuwa kasuwa a gonarsa suke hutawa."

Da safe ruwan ya ragu zuwa ƙugu. Samari suka ɗauki mashin a kafaɗa suka ƙetare, mu muka naɗe wando muka bi. A tsakiya laka ta kama takalmina na dama, na ja ƙafa ta fito ita kaɗai. Na lalube har na jiƙa hula, ban same shi ba. Haka na shiga ƙauyen da takalmi a ƙafa ɗaya, silifan wankan Vandi a ɗayar. Sunan ƙauyen ba zan faɗa ba.

Baba Zira ɗan ƙaramin tsoho ne, ya ranƙwafa, yana ɗingisa ƙafar hagu. Ɗakinsa ɗaya, da rumbu, da dangar zana. Shi da Vandi suka riƙe hannun juna suna magana da harshensu, ba su saki ba har aka daɗe, ni na tsaya gefe ina kallon ƙafafuna. Da ya juyo gare ni ya dubi silifan ya ce, "Mayo ya karɓi haraji nasa." Ya shiga ɗaki ya fito mini da takalmin taya, ya ce in riƙe.

Da rana ta yi sanyi ya kai mu gona. Daga nesa na ga abin da Dada take nufi. Duk gonakin da muka wuce fili ne fetal, an share don auduga da masara, sai ga wuri guda ya yi duhu da ganye. Maɗaci ne, ya fi sittin a ƙiyasina, da 'yan madobiya da kawo a gefen kwari. Manyan sun ninka tsawon ɗaki uku, kaurinsu ya kai cinyar ƙato, miƙaƙƙu, ba karkata. Ƙananan wasu iya ƙirji, wasu iya gwiwa. A ƙarƙashinsu dawa ta fara tsiro. Na ɗora hannu a jikin wani babba, na ji kunya ta kama ni, domin abin da ya fara zuwa zuciyata shi ne katako nawa zai fita a ciki.

Kwana biyu ina bin tsohon nan kamar ɗan makaranta. Ya nuna mini tukunyar da yake ajiye iri. Da bazara, lokacin da ƙwallon maɗaci ke fashewa, yakan yi tafiyar awa biyu zuwa wani kwari inda tsofaffin maɗatai suka rage, ya tsinto irin, falle-falle, marar nauyi kamar ɓawon albasa. Ya gauraya da toka ya rufe a tukunyar ƙasa. "Kar ka sa a leda," ya ce. "Yana numfashi. In ka ɗaure shi zai mutu, kuma ba ya jira shekara." Ranar da ya shuka dawa, ranar yake shuka shi, da sungumi ɗaya. Iri uku a rami, ba zurfi, ƙasa kaɗan a kai. Sai ya ɗauko dutse kamar girman kan jariri ya ajiye a gefen yamma na ramin, don ya tare zafin rana, kuma don fartanya ta san wurin lokacin noma. Da rani ya kewaye da ƙaya saboda awaki.

Na tambaye shi ko duka suke fitowa. Ya yi dariya. Ɓera ya ci nasa, gara ta ci nata, shanu su taka, wuta ta lashe. Cikin ramuka da yawa kaɗan ke kai shekara. "Amma wanda ya kai, ya kai. Shekaran farko ba za ka ga komai a sama ba, ƙarami kamar ciyawa. Aiki nasa a ƙasa yake yi, yana bin ruwa. Na leda an ba shi ruwa a baki, bai koyi nema ba."

Ba a layi yake shukawa ba, nan ɗaya, can biyu, yadda mai wucewa zai ɗauka daji ne. Na ce masa, "Baba, ka san gonar ba taka ba ce, ka san dokar, me ya kai ka?" Ya ci gaba da gyara ƙaya a jikin wani ƙarami. Ya ce a dutse babansu haka yake yi, da man maɗacin da kakansu ya shuka aka shafe su suna jarirai. Shekarar da matarsa ta rasu ya rasa abin da zai yi da hannunsa, sai ya tsinci kansa yana tsintar iri. "Ban so ƙasan kowa ba, Malam. Hannu ne ya saba."

Ranar Juma'a bayan an sauko, Alhaji Buba ya aiko a kira baƙi cin abinci. Dattijo ne dogo, fari, ya girmi Baba Zira, maganarsa a hankali. Aka shimfiɗa tabarmi a rumfar ƙofar gidansa, mu wajen goma sha biyu, har da ƙanin jauro, wato mai garin, da maƙwabta. Aka kawo shinkafa da naman rago da kindirmo. A can ba a hira sai an ci rabi, kuma ƙarami ba ya ɗaga ido ya dubi babba, wannan ya burge ni. Wanda bai bi wannan ba shi ne Sali, babban ɗan Alhaji, ɗan kasuwa ne da ke zaune a Garwa, yana zuwa Mubi saro kaya, Hausarsa ta fi ta Vandi.

Da ya ji ni kafinta ne sai ya juyo da hira kaina. Ya ce ai na ga dajin da ke cikin gonarsu. Ya ce ƙasar babansa albarka gare ta, itace ke fitowa ba a gayyace shi ba. Na ce Allah ya ƙara albarka. Vandi ya sauke ajiyar zuciya, na ji shi.

Sali bai tsaya nan ba. Ya ce abin haushin shi ne an ba rago gona. Kowa na share tasa, wannan tsohon ya bar daji ya cinye wuri mai kyau, ko saran kututture ya gagare shi. Ya ce mutanen dutse haka suke, in ba a kan dutse ba, ba su san noma ba. Wasu suka yi dariya. Na dubi Baba Zira, kansa a sunkuye, yana juya loma ɗaya a hannu bai kai baki ba. Mutumin da na ga yana jan gurguwar ƙafa yana ɗaukar duwatsu, shi ake kira rago a gaban mutane.

Ba zan ce shaiɗan ne ba, ni ne. Na ajiye cokali na ce, "Alhaji Sali, kai ɗan kasuwa ne, ni kuwa itace na sani. Maɗaci ba ya faɗowa daga sama, kusa da uwarsa yake zubar da iri. Ina uwarsu? Ka nuna mini babban maɗaci ɗaya a duk wannan fili. Kuma ka je ka duba gindin kowanne, akwai dutse a yamma da shi. Iska ce ta jera duwatsun? Wannan aikin shekara goma ne, wanda kai ko na wata ɗaya ba za ka iya ba. Wanda ya yi shi ba rago ba ne."

Har na gama ina jin daɗin kaina. Sai na lura ba mai tauna. Vandi ya rufe ido. Alhaji Buba ya janye hannunsa daga kwano, ya jawo ruwa ya wanke a hankali. Sali kuwa murmushi ya yi, ya dubi ƙanin jauro ya ce, "Kun dai ji, ba ni na faɗa ba."

A hanyar komawa ba wanda ya yi mini magana. Da Vandi ya zage ni da na fi samun sauƙi. Magana zarar bunu ce, na sha faɗa wa 'ya'yana haka, ranar na san ban taɓa fahimtarta ba.

Washegari da hantsi aka taru a zauren jauro. Jauron mutumin kirki ne, ya so ya buɗe ƙofa. Ya ce baƙo ya yi magana jiya, amma baƙo ko da idonsa makaho ne, ba a yanke hukunci da bakinsa. Ya dubi Baba Zira ya ce, "Zira, mun zauna da kai shekara goma ba mu ji kanka da kowa ba. In ka ce itatuwan nan da kansu suka fito, magana ta mutu a nan." Na miƙe na ce ni ma na janye, ban san abin da nake faɗa ba, zafin rai ne. Jauro ya yi mini alama da hannu in zauna.

Baba Zira dattijon coci ne. Vandi ya matsa ya yi masa raɗa da harshensu, ya girgiza kai. Sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, shekara goma ba wanda ya tambaye ni, shi ya sa ban yi ƙarya ba. Yau ka tambaya. Ni na shuka, duka."

Daga nan ba sauran dabara. Jauro ya ce al'ada hanya biyu ta bayar. Ko a sare duk abin da ya shuka, manya da ƙanana, gona ta koma yadda aka ba shi, ya ci gaba da nomansa har ƙarshen ransa. Ko kuwa ya bar itatuwan ga mai ƙasa, ya fita daga gonar a gaban shaidu, yadda ba wani nasa da zai zo gobe ya ce yana da haƙƙi. Kuma kowa a zauren ya san in ya fita daga wannan, ba mai sake ba shi aron wata a ƙauyen. Alhaji Buba ya yi magana karo na farko, ya ce, "Zira, ka zauna. Itace ne, wani zai fito."

"Ba zai fito ba, Alhaji," in ji Baba Zira. "Ni na sani." Ya ce zai tafi. Abu ɗaya ya roƙa, kada a sa musu zarto sai mutum ya rungume su hannuwansa sun kasa zagayewa. Alhaji Buba ya ce ya yi alkawari muddin yana raye. Na dubi farin gemunsa, na dubi Sali da ke duba wayarsa, ban ji sanyi a raina ba.

Da aka watse Alhaji Buba ya kira ni gefe. Na ɗauka faɗa zai yi, amma muryarsa ko tashi ba ta yi ba. Ya ce, "Malam, kana tsammani ban sani ba? Tun shekara ta biyu na ga duwatsun. Nakan bi ta can da yamma in zauna a inuwa, shi ya gaishe ni, ni in ce masa Allah ya yi wa gonar nan baiwa, ya ce ƙwarai kuwa. Haka muke. Muddin ba a faɗa a gaban mutane ba, ina da ikon rufe ido. Ɗana ya daɗe yana neman wanda zai faɗa." Ya juya ya tafi.

Kwana ɗaya ya ishi Baba Zira haɗa kaya. Tabarma, fartanya, sungumi, tukwane biyu, Littafinsa Mai Tsarki a cikin leda. Dawar da ke rumbu ya rabar wa maƙwabta, wadda ta tsiro a gona ya bar wa Alhaji. Da sassafe shi da Vandi suka je kabarin matarsa a bayan coci, ban bi su ba, ban ga ina da fuskar zuwa ba. Daga can ya wuce gona shi kaɗai. Na hango shi daga nesa yana bin ƙananan ɗaya bayan ɗaya yana ƙara musu ƙaya, ko da yake damina ce, awaki a ɗaure suke.

Mayo ya janye, muka ƙetare ruwa iya idon sawu. A Bukula Dada ta gan mu mu uku da kaya, ta dubi tsohon, ta shiga ta ƙullo masa gyaɗa. A kan iyaka jandarman nan ya gane ni, ya fito da fara'a yana bubbuga benci yana nuna mini bai sake motsi ba. Na yi masa yaƙe.

Yanzu Baba Zira yana Michika wurin babban ɗansa. Gonar gidansu na nan, tasa ce, ba mai hana shi shuka abin da ya ga dama. Vandi ya ce har yau bai taka ta ba, yana zaune a ƙofar gida, ƙafar ta ƙara tsanani. 'Ya'yansa kuwa murna suke yi. Babban ya zo har shagona da zakara da kwanon wake, ya ce sun ji da ni aka je aka dawo musu da babansu, abin da suka kasa shekara goma. Vandi bai gaya musu yadda aka yi ba. Na karɓi zakaran don ban san yadda zan ƙi ba, na kasa yanka shi.

Abin da ya rage shi ne maganar da muka yi da Baba Zira a Sahuda, muna jiran mota ta cika. Tun daga zauren jauro ban iya haɗa ido da shi ba. Vandi ya tafi neman ruwa, aka bar mu mu biyu a kan buhun wani. Na sauka na durƙusa a gabansa, a cikin tasha, mutane na kallo. Na ce, "Baba, an gargaɗe ni, na ji, na kuma yi. Na raba ka da gonarka da itatuwanka da kabarin matarka. Ban san da wane baki zan ce ka yafe mini ba."

Ya kama kafaɗata ya ce in tashi, babba ba ya durƙusa a tasha. Na ƙi tashi. Sai ya dubi duwatsun da muka baro.

"Malam Garba," ya ce, "ka yi ɓarna, ba zan ce ba ka yi ba. Amma shekara goma ina aiki nan, mutane suna zama a inuwa suna ce Allah ya kyauta wa Alhaji. Ko mutum ɗaya bai taɓa ce mini sannu da aiki ba. Kai kaɗai ka duba ka ce mutum ne ya yi."

Direba ya buga ƙofa ya ce saura mutum uku. Na ɗauki tabarmarsa da sunguminsa na kai mota, ina share fuska da hannun riga.